Jakar barcin gwanjo da na kwana da ita a gindin Chappal Waddi

A layin 'yan gwanjo na kasuwar Gusau akwai wani dattijo mai kwance dilar rigunan sanyi, wani lokaci kuma jakar barci (irin wadda mutum ke shiga cikinta ya kwanta) da tanti kan faɗo cikin kayansa. Wurinsa na yi sayayya kafin tafiyarmu gandun dajin Gashaka Gumti a watan Janairu: jakar barci, ƙaramin tanti na mutum biyu, da takalmi mai wuya.

Bai yi mini zaƙin baki ba. Ya zuge zif ɗin jakar sau uku a gabana, ya nuna mini inda aka yi mata faci, sannan ya ce, "Yaro, wannan daga ƙasar ƙanƙara ta fito, ba za ta ba ka kunya ba. Tantin kam ban lamunce maka ba." Na ce, "Baba, haɗa mini duka." Da na ji maganarsa a kan tantin nan da na huta.

Mun bi ta Jalingo zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take, muka karɓi izini da jami'in da zai raka mu. Daga nan mota ta hau Mambila ta Mayo Selbe har Nguroje, sai babur, sai ƙafa. Muka kafa sansani kwana uku a gindin dutsen Chappal Waddi, muna barin kaya masu nauyi a nan mu fita da asuba. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana kan iyakarmu da Kamaru.

Na ɗauka wanda ya sha hunturun Zamfara ya gama sanin sanyi. Namu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da kaushi. Na can jiƙaƙƙe ne, hazo da raɓa, yana ratsa riga har ƙashi. Alwalar asuba sai da yatsuna suka ƙage. A nan jakar ta biya kuɗinta. Tana da hula da ake tsukewa da igiya, hanci kawai ke waje, kafin minti goma ɗumin jikinka ya cika ta. Abokin tafiyata barguna biyu ya ɗauko, sun yi masa nauyi a hanya, raɓa kuma ta jiƙa su tun daren farko. Ina jin haƙoransa suna haɗuwa, wallahi har na ji tausayinsa. Aibinta biyu: warin gwanjo, wanda sai da na wanke ta na shanya kwana biyu kafin ya tafi, da zif mai cin yadi idan ka ja da gaggawa cikin duhu.

Tantin shi ya ɓata mini rai. Falle ɗaya ne, babu rufi na biyu, numfashinmu ya taru a jikinsa ya riƙa ɗigo mana a fuska. Dare na biyu iska ta karya sanda guda, sai wani yaro Bafulatani daga rugar kusa ya saro mana itace muka tokare. Takalmin ba laifi, sai dai ban saba da shi a gida ba, ya saɓule mini fatar dunduniya.

Da na dawo na koma na ba Baba labari, na bar masa kafin alƙalami ya ajiye mini wata jakar idan sabuwar dila ta zo, don ƙanena ya ce baɗi ƙafarsa ƙafata.