Daga Ingila: yadda muryata ta dawo, da batun Goggo

Yaya, ina gaishe ki da kyau. Kin ce tun da aka yi wa Goggo aikin maƙoƙo muryarta ta dishe, har an fara cewa hannu aka sa mata. Ba hannun kowa, ni ma hakan ta faru da ni. Akwai jijiya kusa da maƙoƙon, ita ke motsa tantani biyun da ke haɗuwa su ba da sauti. In aka taɓa ta, ɗaya ya shanye, magana ta koma raɗa, ruwa ma ya riƙa ƙware mutum.

A nan ba ka biyan ko sisi a bakin ɗakin tiyata, amma kada ki ɗauka kyauta ne, fam 1,035 muke biya duk shekara tare da kuɗin biza. Kuma ga jira! A gida in da kuɗinki, cikin mako kin ga babban likita. A nan sai likitan unguwa ya rubuta takarda, ki zauna kina duban akwatin wasiƙa.

Da na isa, sai da suka zura 'yar kyamara ta hanci na ga tantanin a tsaye ƙyam. Ba su yarda da gaggawa ba, domin jijiyar kan farfaɗo da kanta cikin wata 6 zuwa 12. Allura suka yi mini ta cika gefen da ya shanye, na samu murya ta 'yan watanni, ta sake zubewa. Sai bayan shekara aka yi aikin dindindin, wanda wani likitan Japan, Isshiki, ya fito da shi a 1974. Idona biyu aka yi, suna tura ɗan abin roba ta wuya suna cewa in ƙirga, har suka ji sautin ya zauna. Makonnin farko kumburi ya sa na yi ta gurnani kamar kwaɗo, na ce shi ke nan. Daga baya ta washe.

Abin da ya fi burge ni ba wuƙar ba ce, wata baiwar Allah ce mai koyar da fitar da murya, wadda ta yi watanni tana horar da ni numfashi. Irinsu sun yi mana ƙaranci a gida. Yanzu ina karatuna a bayyane, sai dai ba na iya ƙwala wa yara kira daga bene.

Zuma da citta ba laifi, amma ba sa ta da jijiya. Ku kai Goggo wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ku ce a leƙa da kyamara. In tana yawan ƙwarewa, kada a jira Sallah.