QLab a ƙaramin gidan wasan kwaikwayo mai hangen lambar yabo

Lambobin yabon Jeff na birnin Shikago, waɗanda aka kafa a 1968 da sunan ɗan wasa Joseph Jefferson, suna da tsarin da ya kamata duk ƙaramin gidan wasan kwaikwayo ya lura da shi. Rukunin alƙalai na farko kan halarci daren buɗe wasa. In sun ga ya kai, sai a ba shi shaidar amincewa, daga nan sauran 'yan kwamitin su riƙa zuwa a rarrabe cikin makonnin da ake nuna shi. Wani ya zo daren Alhamis da rabin kujeru babu kowa, wani ya zo Lahadi da rana bayan 'yan wasa sun jigata. Abin da na farko ya gani shi ake so na ƙarshe ya gani: tsawa ta faɗo daidai kan kalmar da aka tsara mata, fitila ta mutu tare da rufewar ƙofa. Yawancin lambobin yabo na yankuna suna da rukuni na musamman don tsara sauti da tsara haske, kuma a nan ne ƙananan gidaje suka fi samun damar karawa da manya. Ko a Tony, manyan lambobin yabon wasan kwaikwayo na Amurka, sai a 2008 aka fara ba da lambar tsara sauti, aka soke ta bayan 2014, sannan aka dawo da ita a 2018 bayan masu sana'ar sun yi ta ƙorafi.

Wannan daidaito na kowane dare shi ne aikin QLab, kuma a kansa ya kamata a auna ta. Manhaja ce ta kamfanin Figure 53 da ke Baltimo a Amurka, Chris Ashworth ne ya fara rubuta ta. Fitowarta ta huɗu, a 2016, ita ta zo da sarrafa fitilu, ta biyar kuma ta fito a 2022. Ana amfani da ita a manyan dandalin Niyok da Landan, kuma ita ɗin ce dai ake ɗora wa kwamfutar zaure mai kujeru tamanin.

Tsarinta mai sauƙin ganewa ne. Jeri ne na isharori daga sama zuwa ƙasa, kowace ishara aiki ɗaya: kunna sauti, rage shi, nuna bidiyo, sauya haske, tsayar da wani abu. Manajan dandali yana bin rubutun wasa, ya kira lamba, mai riƙe da kwamfuta ya danna dogon maɓallin tazara, wanda shi ne GO. Isharar ta tashi, alamar ta sauka kan ta gaba tana jira. Mutumin da bai taɓa ganinta ba zai iya koyon gudanar da wasa a yini guda. Ginin jerin ne ke cin lokaci, kuma a nan ake gane wanda ya san aikinsa.

A ɗauki fitowar da ruwan sama ke zuba a bayan taga yayin da mutum biyu suke gardama. Ishara ta 20 ita ce fayil ɗin ruwan, an saita shi ya riƙa maimaituwa ba iyaka, ƙarfinsa a ƙasa ƙwarai yadda ba a jin sa. Ta 20.1 ta ɗaga shi a hankali cikin daƙiƙa 8 zuwa -18 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne: -30 ya fi -18 ƙasa, -6 ya fi shi ƙarfi). Ta 21 tsawa ce, a -6, tana jiran kalmar da darakta ya zaɓa. Da an fara magana, ta 22 ta sauke ruwan zuwa -30 cikin daƙiƙa 4, don kada ya danne muryoyi amma mai kallo ya ci gaba da jin sa a bayan kunnensa. Ta 23 ta dusar da shi gaba ɗaya cikin daƙiƙa 5. Waɗannan lambobi da zarar an ajiye su, haka za su fito a dare na farko da na talatin, ko da mai danna maɓallin ya canja. A aikin gaske yana da kyau a riƙa ba isharori lamba da tazara, 10, 20, 30, domin a gwajin ƙarshe darakta ba ya rasa abin da zai cusa a tsakani, kuma sake lambobi bayan manajan dandali ya rubuta su a littafinsa fitina ce babba.

Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne isharar da ake kira Devamp. Ɗan wasa ba agogo ba ne. Jawabin da ya ɗauke shi daƙiƙa 50 jiya, yau zai iya kai 70 saboda ya tsaya masu kallo sun gama dariya. In kiɗan da ke ƙarƙashin jawabin mai tsayayyen tsawo ne, ko dai ya ƙare kafin maganar, ko a datse shi a tsakiya. A QLab ana yanka fayil ɗin gida-gida, a sa gidan tsakiya ya yi ta zagayawa. Da ɗan wasan ya kai jimlarsa ta ƙarshe sai a danna GO, kiɗan ya ƙarasa zagayen da yake ciki, ya zarce zuwa rufewarsa kamar da makaɗi a zaune yana kallon bakin mai maganar. Alƙalin da ya san sauti zai lura da wannan. Sharaɗin kawai shi ne a yanka daidai kan bugun kiɗan, in ba haka ba za a riƙa jin ɗan ƙas a duk zagaye.

Kurakuran da ake yi da ita sanannu ne, kuma kusan duk daga saiti suke. Na farko yana cikin isharar dusarwa. Akwai ɗan akwatin da ake yi wa alama don a tsayar da fayil ɗin bayan ya dushe. In an manta, sautin ya ɓace a kunne amma fayil ɗin yana nan yana gudu a ɓoye. Ruwan saman da aka sa ya maimaitu ba iyaka zai yi ta zuba shiru har ƙarshen wasa, kuma in aka sake kiran isharar a fitowa ta gaba, abin da za a samu ba shi ne aka tsara ba. Tagar da ke nuna isharori masu gudana tana tona wannan nan take, don haka a bar ta a buɗe lokacin gwaji.

Na biyu shi ne rikita hanyoyi biyu na haɗa isharori. Auto-continue yana tayar da ishara ta gaba ne da zarar ta farko ta fara, ko bayan ɗan jiran da aka saita. Auto-follow kuwa sai ta farko ta gama aikinta. Wanda ya sa na biyun a kan fayil mai maimaituwa ba iyaka zai yi ta jiran abin da ba zai zo ba. Wanda ya sa na farkon a inda ake son na biyu zai ji ƙararrawa da amsarta sun faɗo lokaci guda. In isharori uku ko huɗu ne za su tashi tare, ya fi tsabta a zuba su a rukuni ɗaya mai layin lokaci, inda ake jan kowacce da linzami zuwa daƙiƙar da ake so.

Sai danna GO sau biyu, wanda hannu mai rawa kan yi a daren buɗewa. A saitin aikin akwai wurin ƙayyade mafi ƙarancin tazara tsakanin dannawa biyu. Rabin daƙiƙa ya isa ga yawancin wasanni, amma a duba ko akwai wurin da ake buƙatar harbi biyu a jere da sauri, kada kariyar ta haɗiye na biyun. Maɓallin esc shi ne na gaggawa: danna ɗaya ya dusar da komai ya tsayar, danna biyu a jere ya yanke nan take. Kafin a buɗe ƙofa ga masu kallo a mayar da manhajar yanayin nuni, wanda ke kulle gyare-gyare, don kada gwiwar hannu ta goge wata ishara.

Jar alamar X a gefen ishara tana nufin ta karye, kuma galibi fayil ɗinta ne ya ɓata: an gina wasan a kwamfutar mai tsara sauti, fayilolin suna warwatse a wurare daban-daban, aka kwafo jerin kaɗai zuwa kwamfutar zaure. Fitowar QLab ta biyar ta rage wannan matsala, domin tana iya kwafe duk fayil ɗin da aka saka zuwa cikin jakar aikin. A kunna wannan tun ranar farko, a kuma riƙa kwafe jakar dungurungum. Game da nau'in fayil, WAV ko AIFF a 48 kHz su ne abin dogaro. MP3 yana da ɗan jinkiri a farkonsa, wanda ba a damu da shi a waƙar shigowar baƙi, amma yana ɓata ƙarar mari ko harbin bindiga. Bidiyo kuma a mayar da shi nau'in ProRes 422. Fayilolin bidiyo nau'in H.264 ƙanana ne amma suna wahalar da kwamfuta wajen buɗewa, musamman in biyu suna gudana tare.

Kwamfutar ita kanta sai an yi mata tarbiyya. A kashe barcin allo da na na'ura, a kashe sanarwa, sabunta manhaja ta kai tsaye, Time Machine mai ajiye kwafin fayiloli da Spotlight mai binciken su. A tabbatar sautukan gargaɗin kwamfutar ba sa bi ta hanyar da ke zuwa lasifikokin zaure, domin ƙarar shigowar saƙo a tsakiyar fitowar makoki tana rusa aikin wata biyu. Kada a sabunta macOS, babbar manhajar kwamfutar Mac, a tsakiyar makonnin nuni. Kada kuma a dogara da ramin abin sauraro na kunne: wayarsa ba ta da kariya daga ƙugi, kuma in caja tana jone sau da yawa za a ji zuuu a lasifika. Ƙaramin akwatin sauti na USB mai fita ta wayoyin XLR ko TRS yana magance wannan. Gidan da ke da hali ya ajiye kwamfuta ta biyu da kwafin wasan a gefe.

Inda QLab ta gaza a bayyane yake. A kan Mac kaɗai take aiki, babu ta Windows, kuma ga ƙaramin gida wannan shi ne babban kashe kuɗin, ba lasisin ba. Wanda kwamfutarsa Windows ce ya duba Show Cue System ko MultiPlay, za su kunna sauti a kan ishara, ko da yake ba su kai ta wajen haɗa sauti da bidiyo da haske a jeri ɗaya ba. Ɓangaren fitilu kuma matsakaici ne. Tana magana da fitilu ta Art-Net ko na'urar DMX ta USB, hanyoyin aika wa fitilun dandali umarni, kuma ga zaure mai fitilu ashirin marasa motsi ta wadatar. Da an shigo da fitilu masu juyawa, aikin ya koma jan ƙafa, domin babu madannai na hannu irin na teburin haske. Abin da ya fi shi ne a bar teburin, misali na ETC Eos, ya yi aikinsa, QLab ta riƙa aika masa umarni ta OSC, hanyar da na'urori ke aika wa juna saƙo, yadda tsawa da walƙiya za su tashi da dannawa ɗaya.

Tsarin lasisinta na da adalci. QLab ta kyauta tana fitar da sauti ta hanya biyu, hagu da dama, kuma wasanni da yawa ba su buƙaci fiye da haka ba. Wanda ke son lasifika a bayan taga, wata a ƙarƙashin gado don ƙarar waya, wasu a bayan masu kallo, sai ya karɓi lasisin sauti. Na bidiyo da na haske daban suke. Ana iya saye, ana kuma iya haya ta kwana-kwana, kuma abin da aka biya na haya yana taruwa ya zama kuɗin saye. Shawarata ita ce lasisin sauti ya zo farko, domin fitar da ƙarar waya daga inda wayar take a dandali yana sauya yadda ake jin fitowa fiye da kowane ado.

In gidan ya ci lambar, ko aka ba shi karɓar baƙuncin bikin, manhajar tana da amfani a daren ma, sai dai da wani salo. Ba a san wanda ya yi nasara ba sai an buɗe ambulan, don haka jeri daga sama zuwa ƙasa ba zai yi ba. Akwai allon maɓallai da ake jera isharori a kai kamar gidajen dara, ba tare da tsari na gaba da baya ba. Kowane rukunin lambar yabo a ba shi allonsa, kowane ɗan takara maɓallinsa mai ɗauke da hoton sunansa da kiɗan hawa dandali, a rubuta sunan da manyan baƙaƙe. A ware maɓalli ɗaya mai dusar da kiɗan cikin daƙiƙa 3 da zarar mai karɓa ya isa makirufo. Gajerun bidiyon wasannin da ke takara a daidaita ƙarfin sautinsu tun da rana, domin kowane gida da yadda ya ɗauki nasa, kuma a nemi izinin masu haƙƙin kiɗa da rubutu kafin a nuna.

Wasan da ya ci lamba sau da yawa akan tsawaita shi, ko a dawo da shi bayan shekara, ko a kai shi wani gari. A ranar rufewa a kwafe jakar aikin wuri biyu, tare da takardar da ke nuna wace hanya ce ke zuwa wace lasifika, da saitin miksa, da lambar fitowar QLab da aka yi amfani da ita. Lokutan isharori za su dawo yadda aka bar su. Ƙarfin sauti ne ba zai dawo ba, domin -18 a zaure mai labule da kujerun yadi daban yake da -18 a zaure mai bangon siminti. A sabon wuri a ware aƙalla awa uku, mai tsara sauti ya zauna a tsakiyar kujerun masu kallo da QLab Remote, manhajar sarrafa ta daga nesa, a kan iPad, wani ya tsaya a dandali yana karanta layukan 'yan wasa da muryar da za a yi wasan da ita, a bi isharorin ɗaya bayan ɗaya.