Sharhi Kan Zagayen Tsohon Birnin Ƙudus a Ƙafa Tare da Ɗan Jagora

Tsohon birnin Ƙudus bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma lungunansa matsattsu ne masu matakala, don haka duk mai son ziyartar wurarensa masu tsarki sai ya taka da ƙafarsa. Wannan ya sa na biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin zagayen rabin yini, aka haɗa mu da ɗan jagora, Bafalasɗine ɗan asalin birnin.

Mun shiga ta Babul Amud, wadda Turawa ke kira Ƙofar Dimashƙu, a jikin ganuwar da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Sulaiman ya gina wajajen 1537 zuwa 1541. Ɗan jagoran ya san aikinsa, wannan kam ba a ja. A harabar Masallacin Aƙsa ya tsayar da mu ya bambance mana gine-gine biyu da mutane da yawa ke cakuɗawa: mai kubbar zinaren da ake gani a hotuna shi ne Ƙubbatus Sakhra, wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala wajajen shekarar 691, shi kuwa mai kubba ruwan toka da ke kudancin harabar shi ne Masallacin Ƙibli, inda liman ke tsayawa ranar Juma'a. Ya kuma gargaɗe mu tun kafin mu isa cewa masu gadin ƙofa sukan nemi baƙo ya nuna fasfo ko ya karanta Fatiha, yayin da waɗanda ba Musulmi ba suke shiga ta Ƙofar Magariba a sa'o'i ƙayyadaddu.

Daga nan muka bi Via Dolorosa, hanyar da Kiristoci suka yi imani Yesu ya bi ɗauke da gicciye, wadda suke bi suna tsayawa a zango 14, har zuwa Cocin Ƙiyama, inda suka yi imani kabarinsa yake. Ya nuna mana ƙofar cocin, wadda iyalan Musulmi biyu, Judeh da Nusaiba, suke riƙe da makullinta da alhakin buɗe ta tun ƙarnonin baya, sannan ya juya da mu zuwa Masallacin Umar da ke daura da ita, ya ba da labarin yadda Sayyidina Umar ya ƙi yin salla a cikin cocin don kada Musulmin baya su mayar da shi masallaci.

Inda kamfanin ya gaza shi ne rabon lokaci. An ba mu 'yan mintoci a Aƙsa, waɗanda da ƙyar suka isa alwala da raka'a biyu, amma aka zaunar da mu a wani shagon tsaraba har shayi ya huce, mai shagon yana ta jera mana carbi da turare a farashin da ya ninka na kasuwa. Ban ga dalilin hakan ba in ba la'ada ba. Gurasar ka'ak mai riɗi da na saya a bakin hanya, aka ƙunso mini za'atar (garin ganyen ƙamshi da ake ci da ita) a takarda, ta fi mini duk abin da ke shagon.

Haka kuma unguwar 'yan Afirka da ke bakin Babul Majlis, ɗaya daga cikin ƙofofin harabar Aƙsa, ba ta cikin tsarinsu, sai da na roƙa. A can ne jikokin mutanen da suka zo daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal, akasarinsu mahajjata, suke zaune a cikin tsofaffin masaukai biyu na zamanin sarakunan Mamluk na Masar, kuma akwai Hausawa a cikin kakanninsu. Ɗan jagoran ya kai mu bakin ƙofa, ya duba agogonsa, muka wuce.

Wanda zai yi wannan zagayen ya nemi na safe, ya sa takalmi mai kama ƙasa domin duwatsun sun goge suna da santsi, ya kuma shaida wa kamfanin tun kafin ya biya cewa ba ya son tsayawa a shago. Aƙsa kuwa ya ware mata yini guda shi kaɗai.