Kwana uku a Tehran da ɗan jagora: abin da na gani

Harkar kasuwanci ce ta kai ni Tehran, sai na gama da wuri, kwana uku suka rage kafin jirgina. Ba na jin Farisanci ko kaɗan, don haka na ce masu otal su nemo mini ɗan jagora. Suka kawo wani magidanci, haifaffen kudancin birnin, mai jin Turanci da ɗan Larabci. Muka yi ciniki a kan kuɗin wuni, har na tafi bai ƙara ko sisi ba.

Tun safiyar farko na ga amfaninsa, a kan kuɗi. Katin Visa da Mastercard ba sa aiki a Iran saboda takunkumi, tsaba ake riƙewa. A jikin takardar an rubuta riyal, amma a baki kowa toman yake faɗa, toman ɗaya kuwa riyal 10 ne. Da muka fito daga wurin 'yan canji, ya baje takardun a kan tebur yana rufe sifili ɗaya da yatsa, har sai da na iya lissafin da kaina. Ya kuma ja mini kunne a kan abin da suke kira ta'arof. Direban tasi zai ce maka "ghabel nadare", wai ka bar kuɗinka. Kara ce kawai irin tamu, sai ka nace ka biya. Da ba don shi ba, da na yi wa bayin Allah godiya na wuce da haƙƙinsu.

A fadar Golestan ya fi burge ni. Gidan sarakunan Ƙajar ne, zuriyar da ta mayar da Tehran babban birni a 1786, UNESCO kuma ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kowane ɓangare da tikitinsa, sai ya hana ni sayen duka, ya zaɓo mini karagar marmara da zauren madubai. A zauren nan na daɗe a tsaye. Ƙananan madubai ne ba iyaka a bango da rufi, haske na tsalle daga wannan zuwa wancan. Bai cika ni da surutu ba, ya bar ni na kalla, sai na yi tambaya yake magana.

Daga nan muka taka zuwa babbar kasuwa, rufaffiya, lungu cikin lungu, 'yan dako na turo kura suna "ya Allah" a ba su hanya. Wanda ya san Kurmi zai ji kamar a gida yake, sai dai wannan ta ninka ta nesa ba kusa ba. A nan ne kuma ya ɓata mini rai. Ya shigar da ni shagon wani abokinsa mai dardumomi, aka kawo shayi, aka yi ta warware darduma sama da awa guda, alhali na gaya masa ba saye zan yi ba. Da muka fito na ce, "Agha, don Allah kada a sake." Ya ba ni haƙuri, bai kuwa sake ba.

Abin da ba zan manta masa ba shi ne maganar salla. A can sau uku ake kiran salla, suna haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha. Sau ɗaya na yi masa bayanin yadda nake yi. Daga ranar, da La'asar ta yi shi ke duba agogo ya nemo mini ɗakin salla, ya jira ni a ƙofa.

Rana ta biyu muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har Tajrish, muka haura Darband a gindin duwatsun Alborz. Muka ci dizi, romon rago da wake a 'yar tukunya. Ya nuna mini yadda ake tsiyaye romon a jiƙa gurasar sangak, sannan a daka sauran. Iskar wurin ta bambanta da ta cikin gari, inda hayaƙin motoci ya dame ni sosai.

Hasumiyar Azadi ta 1971 da gadar Tabiat a gurguje muka gan su ranar ƙarshe, cunkoso ya cinye lokacin. Wanda zai ɗauki ɗan jagora a Tehran, ya faɗa masa tun farko ko yana son shiga shaguna ko ba ya so. Ni dai na karɓi lambarsa, in Allah ya sake kai ni, shi zan nema.