Dashen citta na kwalba ya yi, amma ba na mai gaggawa ba ne

Jama'a masu tambaya ta kan dashen cittar nan da ake rainonsa a kwalba, na saya na shuka, ga abin da na gani.

Ita citta da ƙyar take yin ƙwaya, saiwarta ake yankawa a binne, to duk cutar da ke jikin uwar, ruɓewar saiwa ne ko baktiriyar da ke sa ganye ya yi yaushi ya mutu, da ita za ka kai gonarka, ga shi hekta ɗaya tana cin irin da ya kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Su masu leb, wato ɗakin gwaje-gwajen da ake rainon dashen, idon citta ƙarami suke cirewa su wanke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, su dasa a kan wani abu mai kama da jeli da ke ɗauke da sukari da gishirin abincin tsiro, haɗin da masana tsirrai biyu, Murashige da Skoog, suka fitar tun 1962, kuma sai an turara shi a zafin digiri 121 na ma'aunin Celsius kafin a yi amfani da shi. Ido ɗaya sai ya yi ta 'ya'ya ana rabawa.

Kayan sun iso min lafiya, kore shar, tsawonsu kusan ɗaya, jijiyoyi farare tas, ban ga fumfuna ko a kwalba ɗaya ba. A nan kam sun burge ni wallahi.

Inda ban ji daɗi ba shi ne bayani. Ba takarda, ba wanda ya ce min komai kan yadda ake fito da su, alhali nan ne wahalar take. Tsiron da ya tashi cikin kwalba bai san iska ba bai san rana ba, ganyensa ba shi da kakin da ke riƙe ruwa, kana buɗewa ka bar shi a fili kafin ka juya ya langaɓe. Dole ka wanke jelin nan daga jijiya a hankali don shi ke jawo ruɓa, ka sa a ƙasa mai rairayi, ka rufe da farar leda a inuwa, kullum kana ɗan ɗagawa har su saba. Wasu sun mutu min a nan, mafi yawa sun kama.

Sai girbi. Bayan wata 8 zuwa 9 da na tona saiwar ƙanana ce, wanda ya saya don kai kasuwa a shekarar zai ji haushi sosai. Amma lafiyayyiya ce, ka karya ɗaya ƙamshi ya bugi hancinka, ba ɗigon ruɓa. Ita na ajiye na mayar ƙasa, a zagaye na biyu ne ta yi girman da ake so.

Duk wanda cuta ta cinye masa iri ina ba shi shawara ya saya, ya nemi ƙasar da ba a yi citta a cikinta kwanan nan ba, don in ƙasar na da cutar tsabtar kwalba ba za ta hana ta kamawa ba. Kuma ka ce su ba ka waɗanda aka riga aka sabar da iska a ƙananan ledoji, kar ka karɓi na cikin kwalba sai in kana da wurin rainonsu.