Faifan E.T. na cika shekara 40: na saya, na kalla, kuma don Allah kar a yi masa na biyu

Jama'a wannan faifan na E.T. the Extra-Terrestrial da kamfanin Universal ya sake fitarwa a 2022 don cikar fim ɗin shekara 40, wani ƙanina ne ya taho min da shi daga Amurka, ni na tura masa kuɗin, kuma yau kusan sati uku kenan ana ta maimaita shi a gidana, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda na same shi.

Fayafai biyu ne a cikin kwalin, ɗaya 4K ɗaya Blu-ray, sai wata 'yar takarda mai lambobin kallo ta intanet wadda ni dai ba ta yi min aiki a nan ba. Na'urata ba ta cin 4K, sai da na je gidan wani abokina muka gwada, amma ko na Blu-ray ɗin ma wallahi hoto tas. Fim ne da rabinsa duk cikin duhu aka ɗauka, daji da dare da ɗakin yara an saki labule, to wanda muka saba gani a tsohon kaset wurin nan baƙi ne kawai kake gani kana jin motsi, yanzu kuwa har hazon da ke tsakanin bishiyoyi kana gani, da tamojin fatar wuyan E.T. ɗin, wato halittar nan da ta zo daga wata duniya. Sautin kiɗan John Williams kuma in kana da sifika mai kyau to ka ƙure ta a wurin da kekuna suke tashi sama. Babu fassarar Hausa, Turanci ne da rubutu a ƙasa, don haka ni ne na zama tafinta.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne asalin na 1982 aka saka. Don a 2002 Steven Spielberg, daraktan fim ɗin, ya taɓa shi da kwamfuta, ya goge bindigogin da ke hannun jami'an tsaro ya maye su da oba-oba, ya kuma gyara fuskar E.T. a wasu wurare, daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi nadama. Nan bindigogin na nan yadda suke, kuma da su ne kake jin tsoron da yaran ke ji.

To ga inda magana take. Daren farko da muka kalla, ana zuwa ƙarshe inda jirgin ya zo ɗaukar E.T., sai na waiga na ga 'yata ta tsakiya ta cusa fuska cikin hijabin mamanta tana shessheƙa, ƙaramin kuma ya tsaya cak da lomar tuwo a hannu ya manta da ita. Rubutu na fara hawa sai ta ɗago ta ce, Abba saka mana na biyun. Na ce babu na biyu. Ta ce to yaushe zai fito, na ce shekara arba'in da wani abu kenan ba a yi ba. Ta ƙi yarda sam, don ita ta taso ta ga duk fim yana da 1 da 2, 3 da 4, ko kuma mai dogon zango da ba ya ƙarewa, a wurinta fim ɗin da ya tsaya a ɗaya kamar an ɗauke wuta ne ana tsakiyar kallo.

Ba wai ba a taɓa tunanin yi ba fa. Tun a 1982 ɗin, fim na kan ganiyar kawo kuɗi, Spielberg da Melissa Mathison wadda ta rubuta labarin suka zauna suka tsara na biyu a takarda, inda wasu mugayen halittu za su sauko su kama Elliott, yaron da ya yi abota da E.T., da abokansa su azabtar da su, sai E.T. ya dawo ya cece su. Spielberg ya duba ya ajiye. Ku tuna fim ne da aka kashe masa kusan dala miliyan 10 da rabi, ya zo ya doke Star Wars ya zama wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya har sai da Jurassic Park ya karɓe a 1993, shi ma na Spielberg ɗin ne. Mutum ya ga irin wannan kasuwa a buɗe ya ce a'a, ni wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Kuma ba na cikin masu cewa duk na biyu banza ne. Aliens na 1986 da Terminator 2 na 1991 da James Cameron ya yi, wa zai ce ba su yi kyau ba? Amma waɗancan labarin faɗa ne, in dodo ɗaya ya mutu ana iya kawo goma. E.T. kuwa labarin yaro ne da babansa ya bar gida, yana cikin kewa sai ya samu aboki, sannan dole ya rabu da abokin nan shi ma, ya koyi yin sallama da bakinsa. Duk nauyin fim ɗin a kan rabuwar nan yake. In E.T. zai dawo bayan shekara biyu ya ƙwanƙwasa ƙofa, to kukan da Elliott ya yi a dajin nan na mene ne, kukan da 'yata ta yi fa? An ma ɗauki fim ɗin kusan bi da bi yadda labarin yake tafiya saboda yaran su shaƙu da shi da gaske, Henry Thomas da ya fito a Elliott, da Drew Barrymore da ta fito a ƙanwarsa wadda lokacin ba ta wuce shekara shida zuwa bakwai ba, shi ya sa hawayen ƙarshen nan ba ka ganin alamar wasa a ciki. Wannan ba abu ne da za a sake haɗawa ba, ga Mathison ta rasu a 2015, Carlo Rambaldi da ya ƙera E.T. ɗin shi ma ya rasu a 2012, yau in za a yi da kwamfuta za a zana shi.

A 2019 an yi wata talla ta kusan minti huɗu inda E.T. ya dawo ya tarar da Elliott ya girma da mata da 'ya'ya, Henry Thomas ɗin ne ya fito. Na nuna wa yaran a waya don su samu sauƙi, sun yi dariya sun ji daɗi, amma ba wanda ya ce a sake sakawa. Faifan kuwa washegari da an dawo daga islamiyya shi suka nema.

Wanda ke da na'urar Blu-ray da yara a gida ya saya, kuɗinsa ba su tafi a banza ba, sai dai in yaran ƙanana ne sosai a zauna kusa da su a wurin da E.T. ya kwanta rashin lafiya ya yi fari fat a bakin rafi, wurin yana da tayar da hankali. In 4K kake so ka tabbatar TV da na'urar duka suna ɗauka kafin ka biya. Ƙaramin nawa yanzu ya ɗaure kwandon cefanen mamansa a gaban kekensa, ya naɗe 'yar tsana da farin tawul ya saka a ciki, yana ta zagaye tsakar gida tun safe.