Gyaran kundin digiri a ofishin farfesan Turanci mai ritaya a Bauchi

Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa zuwa 70, shi ya sa wanda ya ajiye alli yanzu ya riga ya ga kura-kuran ɗalibai iri-iri. Wani irinsu ya buɗe ƙaramin ofishi a wajen Yelwa, yana gyara kundin digiri na biyu da na uku, da takardun neman tallafi, da jawaban da shugabanni ke karantawa a taro. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne, sai 'yan jami'o'in Gadau da Kashere.

Ana tura aikin a fayil ɗin Word, ba PDF ba, domin kowane gyara ya fito da ja, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Kuɗin a kan shafi ake lissafa shi. Sau biyu yake bin rubutu. Karo na farko bai damu da nahawu ba, tsari yake dubawa: shin tambayoyin bincike na babi na ɗaya su ne aka amsa a babi na huɗu? A nan ƙimarsa take, domin kundi da yawa Turancinsu lafiya lau, amma manufa huɗu aka ɗauka, uku aka cika. Karo na biyu ne yake kama rikicin tilo da jam'i, da tsalle daga lokacin da ya wuce zuwa na yanzu a babin hanyoyin bincike, da jimla mai layi shida da ya kamata a raba uku. Yana kuma daidaita manazarta da bugu na 7 na tsarin APA, wato ƙa'idar ambaton littattafai da takardun da aka duba.

Ba ya rubuta wa kowa babi. Wanda Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ya kama da kwafe, za a nuna masa sakin layin, shi zai sake rubutawa da kansa. Wannan daidai ne, ko da wasu na ƙorafi.

Rauninsa biyu. Ba ya sauri, wanda ya kawo aiki ana saura kwana uku ya kare kundinsa a gaban malamai zai sha wahala, a ba shi aƙalla mako biyu. Sannan lissafi da jadawalin injiniya ba fanninsa ba ne, wannan sai malamin da ke duba aikin. Kuma a jira malamin ya amince da babi kafin a kai gyara, in ba haka ba sai a biya sau biyu.